Da Sanyinsa Muka Ci Naman Yaya Habu

Shekara takwas ke nan da aka kai Yaya Habu makwancinsa a Birmingham. A tsawon shekarun nan, duk suna ko walimar da na halarta a Manchester, da zarar an ajiye farantin nama sai wani ya tauna, ya girgiza kai, ya ce, "Allah ya jiƙan Sarkin Fawa, tun da ya tafi ba mu ƙara cin nama mai suna nama ba." Kowa ya amsa da amin. Ni ma ina amsawa, amma raina a ɓace. Na san waɗanda ke zaune a ɗakin, na san abin da ya roƙe su lokacin yana da rai, na kuma san amsar da kowannensu ya bayar, domin ni ce 'yar aiken. Bana na gaji da haɗiye maganar, shi ya sa na nemi wannan fili.

Sunansa Abubakar, ɗan gidan mahauta ne a Kano. Sarkin Fawa kuwa tsokana ce da mutanenmu na nan suka laƙaba masa har ta bi shi. Ba jinina ba ne, abokin yayana ne tun firamare. Lokacin da na zo karatu jami'ar da ke unguwar Edgbaston a Birmingham, da akwati ɗaya da rigar sanyin da na saya a Kantin Kwari wadda ko iskar fanka ba ta tarewa, shi ya je filin jirgi ya ɗauko ni. Wata huɗu na yi a gidansu na Perry Barr, shi da matarsa Anti Rabi mai aikin jinya a babban asibiti, ba su taɓa karɓar ko kwabona ba. Da aurena ya tashi mahaifina bai samu biza ba, Yaya Habu ne ya zauna a madadinsa ya karɓi sadakina. Mijina likita ne, aikinsa ya kai mu Manchester, muka kama ɗaki biyu a saman wani tsohon gida a Whalley Range. Ina faɗin duk wannan ne don mai karatu ya san matsayin mutumin a wurina kafin ya ji abin da na yi masa.

Digiri biyu gare shi a fannin kiwon dabbobi, amma da ya nemi aiki ya rasa sai ya koma sana'ar ubansa. Ya kama hayar wani ɗan shago a bayan garejin gyaran motoci, ya sa firji, ya sa teburan ƙarfe, ya nemi duk takardun tsabta da hukuma ke so. Mutanenmu suka yi ta gulma, wai a tsallako teku a zo a yi fawa? Gulmar ba ta wuce Babbar Sallah ɗaya ba. A ƙasar nan ba ka yanka rago a tsakar gida, sai a mayanka mai lasisi, kuma ko an kawo maka naman, suyar ita ce aikin. Shekarata ta farko a Whalley Range na ce ni 'yar Kano ce, da hannuna zan soya layyata. Ban kai rabin kasko na biyu ba na'urar hayaƙi ta tsage da kuka. Duk mutanen gidan suka fito titi cikin ruwan sama, wata tsohuwa rungume da kyanwarta tana harara ta, ni kuma ga cokalin suya a hannu. Har 'yan kwana-kwana sai da suka zo. Tun daga ranar na miƙa wuya, kamar yadda kowa ya miƙa.

Sai ya zama kowace shekara gidajen Hausawan Birmingham da Manchester, likitoci da injiniyoyi da akantoci, suna ba Yaya Habu sunayensu tun watan na da saura. Shi zai je gona ya zaɓi raguna, ya tsaya a mayanka a yanka kowanne da sunan mai shi, ya daddatsa, ya soya. Sauran watanni kuma kilishi da dambun nama da soyayyen nama na suna da biki. Suyarsa irin ta iyayenmu ce, a bar nama cikin kitsensa a kan wuta kaɗan-kaɗan har ruwan jikinsa ya tsotse tas. Nama ne na ajiya, kuma duk Bahaushe ya san yadda ake cin sa. A juye a babbar tukunya a ɗora saman kabad, a riƙa ɗiba da shayin safe, a jefa a garin kwaki, a ƙulla wa baƙo a takarda, yara su riƙa sata suna goge hannu a labule. Yakan kai wata biyu. Ban taɓa ganin wanda ya kunna wuta don ya ɗumama naman Sallah ba, da sanyinsa ake ci.

Abin da ya jawo masa masifa kula ce. Wannan dai kular zuba abinci mai murfi da ke kowane gidan Bahaushe, wadda amarya ke jerawa a kabad. Yaya Habu ba ya ba da nama a leda. Cewa yake, "Gidan mutum fa za a kai. A leda? Tumatir ne?" Duk wanda zai je Kano sai ya ba shi sautun kuloli, manya, masu zanen fure, Anti Rabi ta rubuta harafin H da jan farce a kan kowane murfi. Yana tsame nama daga kasko zai juye a kula ya rufe, domin a tarbiyyarsa abincin da zai shiga gidan mutunci ba ya tafiya tsirara. Kuma kada a ce shi kaɗai ne, mu mata mu muka fi nacewa. Wace ce za ta aika wa surukanta ko gidan maigidan mijinta nama a roba? Aro yake ba da kulolin, ba ya ƙara ko sisi a kansu, rabi kuma ba sa dawowa. Na Manchester ni nake ɗauka. Washegarin Sallah in cika but ɗin motata da kujerar baya, in kamo babbar hanya, in bi gida-gida ina saukewa, motar ta yi sati tana ƙamshin kitse da citta.

Yanzu bari in yi bayanin dokar yadda na fahimce ta bayan ta gama cin mu. Shekarun tsuke bakin aljihu ne. An rufe wurin renon yara na unguwarmu, albashin Anti Rabi ya tsaya cak shekara da shekaru, a farkon 2011 kuma aka ɗaga harajin VAT zuwa ashirin cikin ɗari. Dokar ta ce ɗanyen nama ba haraji a kansa, dafaffen da aka sayar da sanyinsa ma babu, amma abincin da aka miƙa maka da zafinsa don ka ci da zafi, wannan sai an ɗora. A 2012 aka ƙara ɗaure ta, aka jera alamomin da ke nuna abinci na zafi ne, ciki har da zuba shi a mazubin da ke riƙe zafi. Ku duba wannan hikima don Allah. Mai kuɗin da ya sayi tsokar sa mafi tsada ya kai wa kukunsa, ba a taɓa shi ba. Mai sharar asibitin da ta tashi aiki ƙafafu a kumbure, ta tsaya ta sayi gasasshiyar kaza don ba ta da ƙarfin girki, ita ce za ta cike giɓin baitulmali. Waɗanda suka rubuta dokar ba su taɓa ganin kula ba, ba su kuma tambayi kowa ba.

Yaya Habu da ƙafarsa ya je ya yi rajistar harajin tun da ya buɗe shago, yana kuma cike takardunsa a kan cewa abincin ajiya yake sayarwa, wanda gaskiya ne. Kwana biyu bayan wata Babbar Sallah, wata ma'aikaciyar haraji ta zo duba shagon. Ina wurin, na zo kwasar ragowar kason Manchester. Mace ce mai fara'a, ta cire rigar ruwanta, ta yaba tsabtar wurin. Yaya Habu ya ga baƙuwa, ya yi abin da aka koya masa a gida. Ya jawo mata kujera, ya tsamo tsoka uku daga kasko, ya barbaɗa yaji ya miƙa mata. Ta ci tana hura baki. Sai idonta ya kai kan kulolin da ke jere a kan kantar shagon, ta tambaya mene ne waɗannan.

Na tuna yadda fuskarsa ta washe. Ya ɗauko guda ya buɗe, tururi ya tashi, ya shiga yi mata talla da Turancinsa na jami'a. Ya ce daga Kano ake kawo su, ya ce babu irinsu a kantunan ƙasar nan. Sai ya juyo gare ni ya ce, "Dije, gaya mata mana. Daga nan har Manchester, ko an yi traffic a motorway, in kin buɗe ba da zafinsa kike samu ba?" Na ce ƙwarai kuwa, har yatsa yake ƙonawa. Matar ta yi murmushi ta rubuta a littafinta. Ya ƙulla mata kilishi ta ƙi karɓa, ya ɗauka kunya ce. Da ta fita ya ce mini, "Kin gani? Baturiya ma ta san abu mai kyau."

Bayan wata biyu wasiƙar hukumar haraji ta iso. Sun yanke cewa duk soyayyen naman da ya sayar a shekara huɗu abincin zafi ne, sai ya biya harajin da bai taɓa karɓa daga hannun kowa ba, ga tara a sama. Kuɗin ya fi ƙarfin shagon nesa ba kusa ba. Ya samu wani lauya masanin harkar haraji, lauyan ya gaya masa gaskiya. Ya ce tun daga ranar da aka sauya doka, kula ta kama shi, wannan ba makawa sai ya biya. Amma shekaru ukun da suka gabaci sauyin, waɗanda su ne mafi yawan kuɗin, tsohuwar doka niyya take dubawa: an soya ne don a ci da zafi, ko don a ajiye? Idan masu sayen za su rubuta, kowa da sunansa da adireshinsa, cewa ajiye naman suke yi suna ci da sanyinsa har makonni, akwai hujjar ɗaukaka ƙara, shagon kuma zai iya tsira. Layi biyar kawai ake so, a sa hannu. Kwana talatin aka ba shi.

Yaya Habu ya kira ni a waya yana dariya, wai ashe abin mai sauƙi ne. "Dije, ke ce gwamnar Manchester. Gida nawa kike kai wa, ashirin da 'yan kai ko? Ki bi su kamar yadda kike bin su da kula, kowa ya rubuta yadda yake cin namansa. Ai ba ƙarya za su yi ba." Na ce ya ɗauka an gama, kafin Juma'a zan kawo masa ambulan cike.

Na fara da gidan Hajiya Turai, matar wani babban injiniya, wadda ke karɓar kula huɗu duk shekara. Ta kawo mini lemo da cincin, ta saurare ni, ta dafe ƙirji. "Wayyo Sarkin Fawa! Wallahi I feel for him. Amma Hadiza, kin san tax people ɗin nan, suna ganin sunanka a file ɗin wani sai su buɗe maka naka. Ga flat ɗin da muka sa haya. Bari dai Alhaji ya dawo." Alhaji ya dawo ya sake tafiya sau biyu, ba a kira ni ba. Wani likita ya ce wurin aikinsu ba a son ganin sunan mutum a rigimar shari'a, ko da shaida ce. Wani akanta, wanda ya fi kowa sanin cewa ba abin da zai same shi, ya gyara gilashi ya yi mini lacca ta rabin awa. "Matsalar mutanenmu ke nan, Hajiya, ba ma neman professional advice." Yana maganar, kular Yaya Habu na kan teburin cin abincinsa, 'ya'yansa na wucewa suna ɗiba. Wasu suka daina ɗaukar wayata. Wata ta turo fam hamsin a ambulan ba suna, wai gudummawa.

Mutum uku suka rubuta. Biyu ɗalibai ne masu digiri na uku, waɗanda ba su da kuɗin rago, kilo biyu-biyu suke saya, kuma takardar zamansu ta ɗan lokaci ce, kuskure kaɗan a ce su tattara su tafi. Ta ukun wata dattijuwa ce, Inna Asabe, da ta zo renon jikoki. Ba ta yi boko ba, ta ce in rubuta abin da za ta faɗa in mayar Turanci, ita kuma ta sa sunanta da ajami a ƙasa. "Ki ce musu shekara saba'in ina cin naman Sallah ban taɓa ɗumama shi ba. In suna shakka su zo in ɗibar musu." Masu jan fasfon Birtaniya a aljihu, masu gida na kansu, waɗanda ba wanda ya isa ya girgiza su, ko mutum ɗaya bai ɗauki biro ba.

Saura tawa. Ni da na fi kowa sanin inda naman ke zuwa, ni da na buɗe baki a gaban matar na ce yana ƙona yatsa. Na rubuta, na buga a takarda, na ajiye a kan tebur. Maigidana ya gani da ya dawo aiki. A lokacin muna jiran takardar zama ta dindindin, an karɓi fasfunanmu wata biyar ba labari. Ya ce, "Maman Amira, ki yi tunani. Application ɗinmu na hannunsu. Duk gwamnati ɗaya ce, computer ɗaya ce. Ki bari ta fito, sai ki rubuta masa goma." Na ce kwana tara fa suka rage. Ya ce, "To, ke kika sani." Ba zan ɗora masa laifin duka ba. Bai ƙwace biro daga hannuna ba, bai ɗaga murya ba. Ni na ninke takardar na cusa a cikin littafin girki, na ce wa kaina ukun ma sun isa, na Birmingham za su cike. Na Birmingham mutum huɗu suka rubuta.

Ranar Asabar da hantsi na kai wa Yaya Habu ambulan ɗin. Na same shi yana tsoma nama a kwaɓin ƙuli-ƙuli na kilishi. Ya wanke hannu, ya goge da tawul, ya karɓi ambulan da hannu biyu. Ya karanta ta farko, ya karanta ta biyu, ya yi dariya a kan ta Inna Asabe. Sai ya leƙa cikin ambulan, ya kife ta, ya ɗan kaɗa. Ina tsaye ina kallon firji. Tun daga Manchester na shirya ƙaryar da zan yi, amma bai tambaya ba. Ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Dije. An sha hanya." Ya ƙulla wa yarana kilishi, ya rako ni har mota, ya ce in gaida Dakta. A gidan mai na farko na tsaya na sha kuka. Kukan banza ne, domin takardar tana gida, akwai sauran kwana biyu, ban kuma koma na ɗauko ba.

Wasiƙa bakwai a kan gidaje kusan sittin ba su gamsar da kowa ba. Lauyan ya ce har tambayarsa aka yi, in gaskiya ne, ina sauran? Aka rage masa tara kaɗan, aka yarda ya riƙa biya wata-wata. Takardar zamanmu ta fito bayan sati shida. Muka yi walima, naman ma a wurinsa muka saya.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ƙona mini rai. Da Sallah ta zagayo, Yaya Habu ya bi doka sau da ƙafa. Ya baza nama a faranti ya huce sarai, sannan ya zuba a robobi masu murfi. Wanda ke son nasa da zafi a kula, ya ce sai ya ƙara ashirin cikin ɗari, na gwamnati ne ba nasa ba. Zo ka ji surutu. Masu roba suka ce Sarkin Fawa ya fara wulaƙanta mutane, masu kula suka ce ya zama mayen kuɗi, so yake mu biya masa bashinsa. Hajiya Turai ta ɗaga robar da yatsa biyu ta ce, "Wannan ai takeaway ne. Haka zan kai wa in-laws ɗina?" Wato mutanen da suka ƙi shaida cewa da sanyi suke ci, su ne suka yi fushi da aka ba su da sanyi. Ɗaya bayan ɗaya suka zame jiki, suka koma wurin masu suya a bayan gida, waɗanda ba rajista ba takarda. Shekara biyu ya ƙara yana jan shagon, sannan ya mayar da makulli.

Ya samu aiki a wani kamfanin sarrafa nama a wajen gari, yana tsayuwa awa takwas a ɗakin sanyi yana yanka abin da inji ya turo masa. Mutumin da zai hango rago daga nesa ya gaya maka shekarunsa. Na ziyarce su sau da yawa a lokacin, bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa ba. Hannuwansa sun faffashe, ko lokacin zafi kusa da hita yake zama. Zuciya ce ta buga masa wata safiya yana shirin fita. Ba zan ce haraji ne ya kashe shi ba, ni Musulma ce, kwana ne ya ƙare. Amma zan ce ƙarshen rayuwarsa bai yi shi a inda ya kamata ba, kuma da hannunmu a ciki.

Ranar ta'aziyya layinsu na Perry Barr ya cika da manyan motoci. Daga Manchester kaɗai ayari guda aka yi. Mata suka yi ta shigowa da abincin sadaka, shinkafa da waina da funkaso, aka jera a kicin ɗin Anti Rabi har ba wurin sa ƙafa. Ni aka sa rabo. Ina cikin buɗewa na ga jan H a kan murfi, na duba na gaba, shi ma haka. Na ƙirga goma sha ɗaya na daina. Kulolin da ya ba da aro shekara da shekaru ba a mayar ba, su aka cika da abinci aka kawo gidan makokinsa. Da yamma kowace ta wanke tata, ta sa a mota, ta koma da ita. Anti Rabi na zaune cikin takaba tana kallo.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Dokar tana nan yadda take, zafi da haraji, sanyi babu, an hau mulki an sauka sau nawa ba wanda ya taɓa ta. Kilishi kuwa ya zama sana'ar 'yan gayu. Buɗe wayarka ka gani, matan manya kowace da tambarinta da ledarta mai sheƙi, ana aikawa ta gidan waya har Scotland. Fawar da aka yi masa dariya a kanta yanzu sunanta kasuwanci. Hajiya Turai ma tana yi. A wani suna bara na ji ta tana koya wa wata amarya: "Ki tabbata ya huce kafin ki yi packing, kuma kada ki kuskura ki sa a kula, VAT zai hau kanki. Akwai wani bawan Allah a Birmingham da abin ya ci." Wani bawan Allah! Tashi na yi na shige banɗaki, don kada in yi abin da za a daɗe ana ba da labarinsa.

Na san shi, ba zai yi fushi ba, abin da ke ƙara tunzura ni ke nan. Zai karɓi kilishin nata ya ɗaga saitin haske, ya gutsura, ya ce yankan ya yi kauri kuma an yi gaggawar sauke shi, sannan ya jawo kujera ya nuna mata yadda ake riƙe wuƙa. Haka yake, ni ce ba haka nake ba. Ban kuma sani ba ko da mu sittin ɗin mun rubuta za a yi nasara, lauyan kansa bai yi alkawari ba. Wataƙila da shagon ya tafi duk da haka. Amma da ya rufe shi yana sane da cewa mutanen da ya ciyar sun tsaya masa, maimakon ya riƙa gaisawa da mu a wurin biki yana sane da cewa kowa ya noƙe.

Me ya rage nasa? Shagon yanzu wurin wankin mota ne. 'Ya'yansa biyu sun yi karatu, Turancin Birmingham ne a bakinsu, ba wanda ya gaji wuƙa. Abin da ya rage yana hannun Anti Rabi. Ta yi ritaya, amma duk Babbar Sallah tana kafa kasko a bayan gida, ta soya rago guda irin suyarsa, ta raba kashi bakwai. Mutum bakwai ɗin nan da suka rubuta, duk inda suke sai rabonsu ya same su. Ɗaya daga cikin ɗaliban yana koyarwa a Zariya yanzu, matafiya ake ba su kai masa. Inna Asabe ta rasu, jikokinta ake kai wa. Ni ba na cikin rabon. Muna gaisawa, muna zumunci, ban kuma taɓa tambayar dalili ba.

Watan jiya na hau jirgin ƙasa na je Perry Barr don in nemi izininta kafin in rubuta wannan. Na same ta a falo tana tsince wake a tire. Na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi yara, na tambayi ciwon gwiwa, daga ƙarshe na ce, "Anti, akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Wasiƙun nan da na kawo, babu tawa a ciki."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Na sani. Ranar ya shigo ya ajiye ambulan a nan, na ƙirga na ce ina ta Dije? Ya ce in bar ki, takarda kike jira, tsoro kika ji. Ya hana ni in yi miki magana, har ya rasu ban yi ba." Ta ture tiren gefe. "Shi tun ranar ya yafe miki. Ni kam na ɗan daɗe."

Na ce ina so in rubuta a jarida kowa ya karanta.

Ta dube ni ta saman gilashinta. "Ki rubuta. Ba zai dawo da shago ba. Amma in za ki yi, kada ki ce wata baiwar Allah. Ki sa sunanki da inda kike zaune, yadda ya roƙa."

Allah ya jiƙan Yaya Habu, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da abin da muka kasa. Ga layi biyar ɗinsa nan, sun makara da fiye da shekara goma.

Ni Hadiza Garba, mazauniyar Whalley Range a Manchester, na shaida cewa na sayi soyayyen nama a hannun Malam Abubakar na Perry Barr kowace shekara, na kuma kai wa gidaje fiye da ashirin. Ba don a ci da zafi ya soya shi ba. Don ya girmama mu yake zuba shi a kula. Ajiyewa muke yi har makonni, kuma mu da 'ya'yanmu da baƙinmu da sanyinsa muka ci. Na san haka ranar da ya roƙe ni, na yi shiru.